Koren da ke bayyana a ƙasashen ƙanƙara ba abin murna ba ne

Kwanakin baya wani ya ɗora hotuna biyu na tauraron ɗan'adam a Facebook, ya ce na arewacin Rasha ne. Na farko fari fat, na biyu kore shar. A ƙasansu ya rubuta cewa ga amfanin ɗumamar yanayi nan da ba a son a faɗa: ƙasar da ta shekara dubbai ba ta tsinana komai yanzu ta zama makiyaya. Jama'a suka yi ta sa albarka. Wani ma cewa ya yi, tunda tsirrai iskar kabon suke shaƙa, ai matsalar za ta magance kanta da kanta, a daina tayar wa mutane da hankali.

Maganar nan ta ƙarshe ita ta hana ni sakat. Gaskiya ne yankin Aktik, wato can ƙuryar arewacin duniya mai tsananin sanyi, yana ƙara kore, taurarin ɗan'adam suna nuna haka tun shekarun 1980. Amma ni a ganina murna da wannan kore kitso ne da ƙwarƙwata. A ƙasashen sanyi lissafin riba da asara a ƙarƙashin ƙasa ake yin sa, wurin da saiwa ke haɗuwa da daskararriyar ƙasa, kuma abin da masu bincike ke tonowa daga can ya fi kama da gargaɗi.

Abin da ciyawar ta rufe

A yawancin arewacin Rasha, da Alaska, da arewacin Kanada, idan ka haƙa rami ba za ka yi nisa ba sai shebur ɗinka ya bugi ƙasa mai tauri da sanyi ya daskarar. Ko a tsakiyar bazararsu ba ta narkewa. Fiye da rabin faɗin Rasha a kan irin wannan ƙasa yake zaune. Saman ne kawai ke narkewa na 'yan watanni, wani wuri kamu biyu, wani wuri mita ɗaya ko biyu, sannan ya sake daskarewa.

Sanyi yana hana ruɓa. Saboda haka ganyaye da saiwoyi da kashin dabbobi da gawarwakinsu na shekaru dubbai suna nan jibge a cikin ƙasar, ba su gama ruɓewa ba. An ƙiyasta kabon da ke cikin wannan ajiya ya kai tan biliyan 1,400 zuwa 1,600, wato kusan ninki biyu na wanda ke cikin iskar duniya gaba ɗaya a yau.

Tsirran wurin kuwa gajeru ne, amma yawancin jikinsu a binne yake. A filayen tundura, inda sanyi ba ya barin manyan itatuwa su tashi, abin da ke ƙarƙashin ƙasa yakan kai kashi 80 cikin ɗari na nauyin tsiron. Wani bincike da aka yi a Abisko, a arewacin Suwidin, aka buga a 2016, ya gano cewa lokacin girman saiwa ya fi na ganye tsawo da kusan rabi: ganye ya yi ja ya zube, saiwa na nan tana tafiya a ƙasa. To ka ga hoton da aka ɗauka daga sama ɗan tsagi kawai yake nunawa na tsiron, kuma na wani yanki na shekara.

Ga shi kuma wurin yana zafi da saurin da ya wuce na ko'ina. Masana a Finlan sun nuna a 2022 cewa tun 1979 yankin Aktik yana ɗumama da saurin da ya kusa ninka na sauran duniya sau huɗu. Garin Verkhoyansk na yankin Saberiya a Rasha, inda aka taɓa auna sanyin da ya haura digiri 67 ƙasa da sifiri, ya ga zafin digiri 38 a ranar 20 ga Yunin 2020.

"Ai tsirrai za su shanye kabon ɗin"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma mai faɗinta ba wawa ba ne. Tsiro yana jan iskar kabon ya gina jikinsa da ita. Ƙarin tsirrai, ƙarin ja. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba.

Saiwa ba bakin shan ruwa ba ce kawai. Tana zubar da wani ruwa mai sukari a cikin ƙasar da ke kewaye da ita, kuma ƙananan halittun da ido ba ya gani, bakteriya da dangin fumfuna, a kansa suke rayuwa. Duk macen da ke yin fanke ta san abin da ke faruwa idan yis ya samu sukari da ɗumi: ya farka, ƙullu ya kumbura, iska ta riƙa fita. Iskar nan da ke kumbura ƙullu ita ce dai iskar kabon da ake magana a kai. Haka halittun cikin ƙasa suke. Da zarar saiwa ta kai musu sukari, sai su samu ƙarfin da za su afka wa tsohuwar ajiyar da da can ba sa iya taɓawa, su cinye ta, su fitar da ita sama a matsayin iska.

A da ƙanƙara ce ke taka wa saiwa burki. Yanzu narkewar na ƙara zurfi shekara bayan shekara, saiwa kuma na bin ta a baya, tana kai sukari cikin ƙasar da rabonta da ganin saiwa mai rai tun shekaru aru-aru. Wani bincike da Frida Keuper da abokan aikinta suka buga a 2020 ya ƙiyasta cewa wannan aikin saiwa shi kaɗai zai iya jawo ƙarin asarar kabon tan biliyan 40 daga ƙasar kafin shekarar 2100. Duniya a yanzu tana fitar da kabon kimanin tan biliyan 10 a shekara daga mai da gas da kwal. Ƙarin shekara huɗu ke nan, daga wata kafa da galibin lissafin baya bai sa ta a ciki ba.

Akwai gwajin da nake so kowane mai wannan hujja ya sani. A kusa da tafkin Toolik, a arewacin Alaska, masana sun keɓe wasu ƙananan fegi tun farkon shekarun 1980, suka riƙa zuba musu takin zamani kowace shekara, domin su kwaikwayi abin da zai faru idan ɗumi ya saki abincin tsirrai da ke cikin ƙasa. Bayan shekara 20, duk wanda ya tsaya a gefen fegin zai ce an yi nasara. Ciyawa ta ja baya, wani gajeren itace da ake kira Betula nana ya mamaye wurin, yawan abin da ke tsirowa a sama ya ninka. Da Michelle Mack da abokan aikinta suka haƙa suka auna ƙasar daki-daki, sai suka tarar an yi asarar kabon kusan kilo biyu a kowace murabba'in mita, bayan an cire duk ribar da aka samu a sama. An buga sakamakon a 2004. Fegin da ya fi kowanne kyan gani shi ne ya fi tsiyacewa a ƙasa.

A Abisko ma an kwatanta dajin gajerun itatuwa da filin tundurar da ke maƙwabtaka da shi. Filin da babu itatuwan ya fi dajin tara kabon idan aka haɗa na sama da na ƙasa. Ga shi dajin ne ke ta matsawa cikin filin yayin da ake samun ɗumi.

Inda ƙasa ta narke ta zama fadama kuma wani labarin ne. A cikin ruwa mai kwanciya babu iskar shaƙa, sai ruɓar ta riƙa fitar da iskar metan, wadda a cikin shekara 20 take riƙe zafi kusan sau 80 fiye da iskar kabon. Akwai wata ciyawa mai farin gashi a ka, Eriophorum, mai doguwar saiwa da kofofin iska a cikinta. Ta cikin kofofin nan metan ke hawowa kai tsaye zuwa sama, ya tsallake halittun saman ƙasa da da sun cinye wani kaso nasa. Ciyawar kyakkyawa ce, kuma tana daga cikin koren da ake gani a hoto.

Sai gobara. Gansakuka da tarin matattun ganyaye da ke saman ƙasa su ne ke kare ƙanƙarar ƙasa daga zafin rana. A 2007 wuta ta cinye fiye da murabba'in kilomita 1,000 a bakin kogin Anaktuvuk na Alaska, kuma yawancin kabon da ya tashi daga jikin ƙasar ya fito. A 2023 Kanada ta yi asarar daji kimanin hekta miliyan 15. Wata wutar ma ba ta mutuwa: takan shige cikin ƙasa ta yi ta cinyewa a ƙarƙashin dusar ƙanƙara har hunturu ya wuce, ta sake ɓullowa. A watan Disambar 2024 hukumar NOAA mai kula da teku da yanayi ta Amurka ta bayyana cewa, idan aka haɗa da gobara, tundurar Aktik yanzu ta fi fitar da iskar kabon a kan wadda take sha, bayan shekaru dubbai tana ajiyewa.

Amma ai masanan ma ba su daidaita ba

Haka ne, kuma bai kamata a ɓoye ba. A Toolik ɗin dai an yi wani gwajin daban, inda aka rufe fegi da rumfar leda domin ɗumama shi kusan shekara 20. Itatuwa sun ƙaru, amma jimillar kabon da ke cikin ƙasa ba ta ragu ba, kamar yadda aka buga a 2013. Gajerun itatuwa kuma suna yi wa ƙasa inuwa da bazara, abin da ke iya rage narkewa, ko da yake da hunturu suna tare dusar ƙanƙara ta taru a gindinsu ta hana sanyi shiga ƙasa. Wani wuri ribar za ta fi, wani wuri asarar.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da wannan saɓani hujjar kwanciyar hankali. Kabon da ke jikin duk tsirran tundura ɗan kaɗan ne idan aka gwada da wanda ke ƙarƙashinsu. Ko sun ninka girmansu, ƙaramin kaso ne na ajiyar ƙasa zai tsere ya shafe ribar. Kuma itacen da ya tsiro bana wuta na iya cinye shi baɗi, ita kuwa ajiyar da ta tashi sama sai an yi dubban shekaru kafin ta sake taruwa. Mutum mai hankali idan ya ga riba ƙarama ce mai gushewa, asara kuwa babba ce da ba a mayarwa, ba ya jiran a gama gardama kafin ya yi hattara.

Maganar sabbin gonaki

A 2003, a wani taron sauyin yanayi a Mosko, Shugaba Putin ya yi wata magana da ta shahara, cewa ƙarin ɗumi kaɗan ba zai cutar da ƙasa mai sanyi kamar Rasha ba, za a rage kashe kuɗi kan rigunan sanyi, hatsi kuma ya ƙaru. Na yarda cewa a kudancin Saberiya da wasu sassan Kanada lokacin noma zai tsawaita, wasu manoma za su amfana.

Can arewa kuwa, ƙasar cike take da dunƙule-dunƙulen ƙanƙara a cikinta. Idan aka share daji rana ta doki ƙasa, ƙanƙarar ta narke, sai wurin ya rufta. A kusa da Fairbanks na Alaska, gonakin da aka share a farkon ƙarni na 20 sun koma tuddai da ramuka har injin noma ya kasa ratsa su. A Batagay, cikin yankin Yakutiya na Saberiya, sare daji a shekarun 1960 ya buɗe wata 'yar zaizaya, yau ta zama rami mai tsawon kusan kilomita ɗaya da zurfin da ya kusa mita 100, kuma bakinsa na ci gaba da cin ƙasa kowace bazara. Ƙasar dazukan arewa ma mai tsami ce, abincinta kaɗan. Zafi shi kaɗai ba ya mayar da ita ƙasar alkama.

Mutanen wurin su suka fara ɗanɗana kuɗarsu. A watan Mayun 2020 tankin ajiyar wani kamfani ya rufta a Norilsk, wani birni a arewacin Rasha, man dizal kimanin tan 21,000 ya malale cikin ƙasa da koguna. Kamfanin ya ɗora laifin a kan narkewar ƙasa, hukumomi suka ce har da sakaci. Ƙauyen Newtok na 'yan ƙabilar Yup'ik a Alaska kuwa tashi ya yi dole, domin ƙasar da ke ƙarƙashin gidajen ta yi laushi, kogi kuma yana cin gaɓa. Waɗannan mutane ne masu kaburburan iyaye da wuraren kamun kifi da suka gada. Ban ga yadda za a dube su a ce ɗumamar ta zo musu da alheri ba.

"Mu ina ruwanmu da Saberiya?"

Wannan tambaya ta fi kowace zuwa kusa da zuciyata, domin na san daga ina take fitowa. Mutumin da ke fama da tsadar taki da ambaliya da rashin tsaro ba shi da sararin tunanin saiwar wata ciyawa a bayan duniya. Ban ga laifinsa ba.

Sai dai iska ba ta da iyaka. Kabon da ya fita daga fadamar Yakutiya yana gauraya da iskar duniya, ya ƙara zafin da manomin Damagaram da makiyayin Yobe za su sha. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi huɗu cikin ɗari na hayaƙin mai da kwal na duniya, amma Sahel na cikin wuraren da zafin ya fi gallaba.

Ga kuma inda abin ya zama maganar adalci. Yarjejeniyar Faris ta 2015 ta sa burin riƙe ƙarin ɗumamar duniya ƙasa da digiri 2 sosai, tare da ƙoƙarin tsayar da shi a digiri 1.5, kuma daga wannan buri ake lissafa yawan hayaƙin da ya rage wa duniya ta fitar. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa kowane ƙarin digiri ɗaya zai iya sa daskararriyar ƙasa ta saki iskar kabon tsakanin tan biliyan 14 zuwa 175. Wannan hayaƙi ba ya cikin alƙawarin ragewa na kowace ƙasa, domin ba daga masana'anta ko mota yake fitowa ba. Amma yana cin kason da ya rage. Idan ba a sa shi a lissafi ba, manyan masu gurɓata iska za su ci gaba da tafiya kamar akwai sauran lokaci mai yawa, mu kuma a ce mana mu haƙura da namu ci gaban domin kason ya ƙare.

Akwai ma wata alaƙar da mutane da yawa ba su sani ba. A tsibirin Svalbard na Norwe akwai rumbun ajiyar irin shuka na duniya, wanda aka buɗe a 2008, aka haƙa shi a cikin dutse mai daskararriyar ƙasa domin sanyin ya kare irin ko da wuta ta ɗauke. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta kai irin wake can, takwararta ICRISAT, mai reshe a Sadore kusa da Yamai, ta kai na gero da dawa. A ƙarshen 2016, bayan wani ɗumi da ruwan sama da ba a saba gani ba, ruwa ya kwararo cikin hanyar shiga rumbun. Bai kai ga irin ba, kuma Norwe ta gyara wurin daga baya. Amma irin kakanninmu na cikin ajiyar da aka damƙa wa wannan sanyi amana.

To me za a yi?

Ba na cikin masu cewa an gama, komai ya lalace. Masana da yawa ba sa ganin kabon ɗin zai fashe ya tashi lokaci guda. Yoyo ne da zai ɗauki gomman shekaru har ɗaruruwa, kuma yawansa ya danganta da iya inda zafin ya tsaya. Ƙasar da ba ta narke ba tukuna ana iya barin ta a daskare, hanyar kuwa guda ce: ƙasashen da suka fi ƙona mai da kwal su rage, da sauri fiye da yadda suka yi alƙawari.

Inda nake jin tsoro shi ne masu neman gajeriyar hanya. An fara maganar dasa itatuwa a can arewa mai nisa domin a sayar da shaidar rage kabon. Mu da muka ga yadda barin gawo da sauran itatuwa su sake tofowa a gonaki ya farfaɗo da miliyoyin hekta a Maraɗi da Damagaram, da wuya mu yarda cewa itace zai iya zama matsala. A tundura yana iya zama. Farar dusar ƙanƙara tana mayar da hasken rana sama, itace mai duhu kuwa yana shanye zafin, saiwarsa kuma ta tayar da ajiyar ƙasa. Maganin da ya yi aiki a Sahel ba dole ya yi a can ba.

A Cherskiy, bakin kogin Kolyma a Saberiya, masanin kimiyya Sergey Zimov da ɗansa Nikita sun ɗauki wata hanya daban tun shekarun 1990. Sun killace fili suka zuba dawaki da ɓauna da sauran manyan dabbobi, da nufin su tattake dusar ƙanƙara domin sanyin hunturu ya ratsa ƙasa, su kuma cinye itatuwa ciyawa ta dawo. Ina girmama wannan himma, domin sun fahimci cewa a ƙasa yaƙin yake. Amma filin nasu ɗigo ne a cikin Saberiya, kuma ba a kai ga tabbatar da cewa zai yi aiki a faɗin miliyoyin murabba'in kilomita ba.

Abu biyu nake so wakilan Najeriya da Nijar da sauran ƙasashen Afirka su riƙa ɗagawa a tarukan sauyin yanayi. Na farko, a sa hayaƙin daskararriyar ƙasa cikin lissafin kason da ya rage, a fili, domin a san ainihin saurin da ake bukata daga masu laifin. Na biyu, a dawo da musayar bayanan bincike. Tun da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022 haɗin gwiwar masanan Yamma da na Rasha ya tsinke, alhali mafi girman wannan ƙasa a Rasha take. Auna saiwa dama can aiki ne mai wahala: sai an binne bututun gilashi a ƙasa, a riƙa zura kyamara a ciki ana ɗaukar hoto mako bayan mako, a wuraren da sai jirgi mai saukar ungulu ke kai mutum. Tashoshin da ke yin haka kaɗan ne, kuma yanzu masanan wani ɓangare ba sa ganin abin da ake aunawa a ɗayan. Kujerarmu a waɗannan taruka tana ba mu damar tambayar dalili, kuma mu ne za mu fi shan wahala idan lissafin ya zo da kuskure.